MAI SAYAR DA SHAWARA, BARAN WA NE?

Akwai wata sana'a wadda kakanninmu ba su san ta da suna ba, ko da ya ke sun san aikinta. A dā, idan al'amari ya rikice wa sarki, sai ya kira waziri da dattawan fada. Idan manomi ya ga dawarsa ta ƙi, sai ya tafi wurin tsohon da ya riga shi ganin damina. Shawara kyauta ce, ladanta godiya da ɗan goro. Yanzu kuwa an kafa manyan kamfanoni waɗanda ba su da haja ko ɗaya a kanti. Ba su saƙa, ba su ƙira, ba su noma. Shawara kaɗai su ke sayarwa, ga gwamnatoci da bankuna da manyan 'yan kasuwa, kuma da tsada ƙwarai. 'Yan boko suna ce da ma'aikacin irin wannan kamfani kwansaltan.

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne McKinsey, wanda aka kafa a birnin Shikago na Amurka a 1926. Akwai kuma waɗansu manya huɗu, watau Deloitte da PwC da EY da KPMG, waɗanda suka fara da binciken littattafan kuɗi, daga baya suka haɗa da sayar da shawara. Dukansu suna da ofisoshi a birnin Ikko, watau Legas. Tushen reshen Deloitte na ƙasarmu ma ɗan ƙasa ne ya dasa shi, Akintola Williams, wanda ya buɗe ofishinsa na akanta a 1952, ya rasu a 2023 yana da shekara 104.

Mai karatu a Gummi ko Anka ko Bukkuyum zai ce, ina ruwanmu da mutanen benayen Legas? Da ruwanmu. 'Ya'yanmu da suka gama jami'a a Sakkwato da Zariya da Gusau suna rubuta takardar neman aiki a waɗannan wurare, ran da aka ɗauki ɗaya kuwa gidansu har guɗa a ke yi. Ban da wannan, da wuya a yi wani babban aiki a ƙasar nan, ko na hanya, ko na madatsar ruwa, ko na rancen Bankin Duniya, ba tare da an fara biyan masu shawara sun rubuta rahoto ba. Samarin nan da kan zo ƙauye da 'yar na'ura a hannu suna tambayar kadada nawa ka noma, yara nawa ne a gidan, sau da yawa aikin irin wannan rahoto su ke tattarawa. Abin da aka rubuta a kanmu yana tafiya inda mu ba za mu taɓa zuwa ba, ya yi magana a madadinmu.

Bari mu fara duba zaman yaron da aka ɗauka. Ya gama bautar ƙasa, ya ci jarrabawar kamfani tsakanin ɗaruruwan masu nema. An ba shi kwamfuta da katin shiga ofis. Albashinsa ya fi na malamin makarantar da ya koya masa karatu, wani lokaci ninki da yawa. Yana koyon abubuwa da sauri, gama a shekara guda zai leƙa cikin banki da kamfanin siminti da ma'aikatar gwamnati. Kada mu rena wannan. Horo ne mai kyau, waɗanda suka sha shi kuwa sukan fito da iya tsara aiki da iya magana a gaban manya.

Amma akwai wata takarda da ya ke cikawa kowane mako, inda zai nuna sa'a nawa ya yi a kan aikin wane. Da wannan takarda a ke cajin mai aikin, kuɗin da a ke karɓa a kan sa'arsa guda kuwa ya fi abin da ke shiga aljihunsa nesa. Saboda haka kamfani ba ya son ganin sa'a wadda ba a sayar ba. Matakan girma a jere su ke kamar tsani, daga ƙaramin ma'aikaci zuwa manaja har zuwa abokin tarayya mai rabon riba, a waɗansu kamfanonin kuma ka'ida ce, wanda bai hau ba cikin 'yan shekaru sai a nuna masa ƙofa cikin ladabi. Idan lokacin rufe lissafin shekara ya zo, daga Janairu zuwa wajen Afrilu, yaro yakan bar ɗakinsa kafin asuba domin ya haye gada kafin cunkoso, ya komo bayan unguwa ta yi barci. A watan Yuli na 2024 wata yarinya mai shekara 26 ta rasu a birnin Pune na Indiya, wata huɗu bayan ta fara aiki a reshen EY. Mahaifiyarta ta rubuta wa shugaban kamfanin wasiƙa ta ce nauyin aiki ne ya cinye ta. Kamfanin bai yarda da haka ba, amma maganar ta tashi har gwamnatin ƙasar ta sa a bincika. Tun a 2021 ma Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ƙiyasta cewa a 2016 mutum 745,000 sun mutu da ciwon zuciya da shanyewar jiki saboda aikin sa'a 55 ko fiye a mako.

Gajiyar jiki kuwa tana da 'yar'uwa. Mutumin da bai yi barci ba kwana uku, wanda ya san manajansa ne zai rubuta ko ya cancanci hawa, ba shi da sauran ƙarfin yin gardama. Idan aka ce masa da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, "Cire wannan layi, mai aikin ba zai so shi ba," abin da ya fi sauƙi shi ne ya cire ya tafi gida. A nan tambayarmu ta ke. Wanda a ke biya domin ya ba da shawara, baran wa ne?

Amsar da ke zuwa baki nan da nan ita ce ta karin maganarmu: kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Akwai gaskiya a ciki. Wanda ya karɓi kuɗin mutum ya ɗauki amana. Ba shi da iko ya yi masa aikin ganin ido, ko ya ɗauki asirin kasuwancinsa ya kai wa abokin gasa, ko ya yi ta yi masa wa'azin da ba a tambaye shi ba. Mai biya shi ke da ikon faɗin aikin da ya ke so, da ranar da ya ke son a gama. Amma ku lura da karin maganar da kyau. Aski aka ce. Ba a ce idan kuturu ya nuna maƙwabcinsa ya ce a yanka shi da askar, wanzami ya yi domin ya ci lada ba.

Ku tuna da mai awo a kasuwa. Mai hatsi ne ya kira ta, shi zai sallame ta, a gaban buhunsa ta durƙusa. Duk da haka mudun da ke hannunta ba nasa ba ne, ba nata ba ne kuma. Na kasuwa ne. Ran da ta buga gindin mudu ya lotsa domin ta faranta wa mai hatsi, ta cuci matar da ta zo awo da kuɗin da ta tara, wadda ba ta cikin shirin da aka ƙulla. Ta kuma kashe sana'arta da hannunta, gama ba wanda zai sake neman awon da aka san yana bin aljihun mai biya. Haka mai shawara ya ke. Ya sayar da lokacinsa da iliminsa da barcinsa. Abin da awo ya nuna kuwa bai sayar ba, domin ba nasa ba ne balle ya sayar. A kowace shawara akwai mutum na uku wanda ba ya ɗakin taro, ba ya biya, ba a tambaye shi ba, amma shi zai sha abin da aka dama.

Ga abin da ya faru a Amurka sa'ad da aka manta da mutum na ukun nan. Wani kamfanin magani mai suna Purdue Pharma yana yin ƙwayar kashe zafin ciwo wadda a ke kira OxyContin. Danginta ɗaya da tiramadol da kodin, waɗanda muka ga ɓarnarsu a kan samarinmu har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, sai dai ta fi su ƙarfi. A 2007 kamfanin ya amsa laifi a kotu cewa ya ruɗi mutane game da haɗarin kamuwa da jarabar ƙwayar. Wannan ba asiri ba ne, jaridu sun buga. Duk da haka McKinsey ya ci gaba da yi masa aiki, a 2013 kuma ya ba shi shawarar yadda ciniki zai ƙaru: a matsa wa likitocin da suka fi kowa rubuta ƙwayar da ziyara, domin su ƙara rubutawa. A 2017 har aka rubuta wata dabara a takarda, cewa a riƙa mayar wa masu rarraba maganin wani kuɗi a kan kowane mai saye da ƙwayar ta kayar ko ta kama, aka kuma yi lissafin dala 14,810 a kan kowane ɗaya. Ya ɗan'uwa, dakata a nan kaɗan. Mutane masu ilimi, waɗanda suka fi kowa maki a makaranta, sun zauna sun sa wa faɗuwar ɗan wani farashi, sun jera shi a layi, sun yi masa ado da launi.

A Fabrairu 2021 McKinsey ya yarda ya biya jihohin Amurka dala miliyan 573. A Disamba 2024 ya sake yarda da biyan dala miliyan 650 ga gwamnatin tarayyar ƙasar. Ɗaya daga cikin manyansa, Martin Elling, ya amsa laifin share takardun aikin, aka yanke masa ɗaurin wata shida a 2025.

Na tabbata ba wanda ya tashi da safe a cikinsu da niyyar kisa. Kowa yana da abin faɗa wa lamirinsa. Babba ya ce, "Shawara kawai muka bayar, su suka zartar." Ƙarami ya ce, "Ni lissafi kawai aka ba ni, shafi ɗaya ne nawa cikin hamsin." Hujja ta fari, Hausawa sun riga sun kashe ta tun da daɗewa da suka ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Wanda ya karɓi miliyoyi domin maganarsa tana da nauyi ba zai juyo ran shari'a ya ce maganarsa iska ce ba. Ta biyun ta fi wuya, ina kuma jin tausayin mai faɗinta. Lalle alhakin yaro ɗan shekara 24 bai kai na wanda ya sa hannu a kan kwangila ba. Amma an yanka aikin gunduwa-gunduwa ne yadda kowa zai riƙe tasa ba tare da ya ga dabbar da aka yanka ba, mai hankali kuwa yakan tambaya, naman mene ne wannan? Ƙanƙantar matsayi kuma ba ta tsare kowa ran da gini ya rushe. Sa'ad da kamfanin Arthur Andersen ya faɗi a 2002 saboda aikin da ya yi wa Enron, dubun dubatan ma'aikata waɗanda ba su taɓa ganin takardar Enron ba suka rasa wurin zama.

Yanzu mu komo gida, gama mu ma mun ga masu shawara da idonmu, a shekarar da ba za mu manta ba.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suna yawon duba sanƙarau, sai suka ji labarin yara suna mutuwa a 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum da Dareta ta ƙasar Anka. Yaro zai fara amai, ya shiga jijjiga, kafin a yi wani abu ya tafi. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Da aka aika da jini waje aka auna, sai aka ga dalma ce. Farashin zinariya ya tashi a duniya a shekarun nan, mutane suka koma haƙa. Dutsen da a ke samu a nan kuwa yana ɗauke da dalma mai yawa. A kan kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta yi tare da ma'aikatan lafiyarmu a ƙauyuka biyun nan ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu. Cikin waɗanda aka auna jininsu, 97 bisa ɗari sun kai awo 45 ko fiye, inda a ke fara ba da maganin fitar da dalma, alhali a lokacin likitoci sukan damu tun daga awo 10. Jimlar yaran da suka mutu a yankin an ƙiyasta ta haura 400.

Likitoci suna da maganin, amma suka ce banza ne a wanke jinin yaro a mayar da shi cikin ƙurar da ta sa masa ciwon. Sai an fara tsabtace gida. Wannan kuwa ba aikin likita ba ne. Sai aka nemo wani kamfanin injiniyoyi masu ba da shawara daga jihar Idaho ta Amurka, mai suna TerraGraphics, ta hannun wata cibiya mai suna Blacksmith. Ba babba ba ne kamar su McKinsey, amma sana'ar ɗaya ce: a kira ka, ka auna, ka faɗi abin yi. Sun yi shekaru suna aikin kwashe ƙasa mai dalma a kewayen wata tsohuwar ma'aikatar narkar da ƙarfe a jiharsu, wadda a ke kira Bunker Hill. Suka zo da wata na'ura ta hannu wadda a kan ɗora a ƙasa ta nuna yawan dalmar da ke ciki. A ƙasarsu a lokacin, iyakar da aka sa wa wurin wasan yara kashi 400 ne cikin miliyan. A nan an sami wuraren da suka wuce kashi 100,000.

Ku duba irin shawarar da aka bayar. Da mai son sauƙi ne, da ya rubuta layi ɗaya, "A hana haƙar zinariya," ya karɓi kuɗinsa ya hau jirgi. A takarda wannan daidai ne. Amma mutumin da ya ga abin da zinariya ke kawowa a mako ya fi na gonarsa a wata da watanni ba zai bari domin takarda ba, sai dai ya koma yi a ɓoye cikin ɗaki, inda ƙurar za ta fi kashewa. Abin da aka tsaya a kai shi ne a fitar da daka da niƙa daga cikin gari, da taimakon sarakuna da masu unguwanni, gama su a ke ji. Sa'an nan a bi gida gida, da izinin maigida, a kankare ƙasar sama, a zuba a buhu, a kai rami a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa, a sake ɗora na'ura a gani ko ta sauka. Ba a jira manyan injuna daga Turai ba. 'Yan gari aka ɗauka, da fartanya da shebur da baro, aka kuma koya wa ma'aikatan muhalli na jiha da na ƙananan hukumomi yadda a ke yi. An fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010 ana tsere da damina, sa'an nan Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru zuwa farkon 2011. Da aka haɗa da Bagega daga baya, an tsabtace gidaje 820 a ƙauyuka takwas, an kwashe ƙasa fiye da mita 27,000 ta awon rami.

Wani zai ce, ai wannan da sauƙi, tun da ya ke waɗanda suka kira su gaskiyar su ke nema. Haka ne, ban musa ba. Amma ku tuna da Bagega. Ita ce mafi girma a cikin ƙauyukan, an san halin da ta ke ciki, duk da haka ta zauna jiran kuɗi har shekara biyu. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 a 2012, kuɗin bai fito ba sai a ƙarshen Janairu 2013, bayan ƙungiyar Human Rights Watch da MSF da waɗansu samari irin su Hamzat Lawal sun yi ta kuka a duniya. Da me suka yi kukan? Da lambobin da aka auna aka rubuta yadda su ke. Da a ce wani ya rage su tun farko domin kada manya su ji kunya, ya rubuta cewa matsalar tana nan amma da sauƙi, da ba abin da za a riƙe a yi kuka da shi, da yaran Bagega sun ci gaba da jira. Ƙaramin ma'aikacin da ya durƙusa a tsakar gida cikin zafin bazara ya kwafi lamba daga na'ura zuwa littafi bai san inda lambar za ta kai ba. Shi ma shafi ɗaya ne nasa cikin hamsin.

Akwai wata dabara da ta fi rage lamba wayo, ita ce taƙaita tambaya. Mai biya yakan ce, duba nan, kada ka duba can. Wannan ikonsa ne, amma wajibin mai shawara ne ya rubuta a fili inda aka tsayar da shi. Sa'ad da Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya ce dala biliyan 20 na kuɗin mai ba su shiga asusun ƙasa ba, gwamnati ta ɗauki PwC a 2014 ya bincika littattafan NNPC. Rahoton da aka saki a Afrilu 2015 ya ce a mayar da aƙalla dala biliyan 1.48, ya kuma faɗi cewa akwai bayanan da masu binciken ba su samu ba. Kowane ɓangare ya tsinci layin da ya yi masa daɗi ya tafi da shi. Wannan ba laifin mai rubutu ba ne. Da ya ɓoye iyakar abin da ya gani, ya bar mutane su ɗauka ya leƙa ko'ina, da laifinsa ne.

To, me yaro zai yi ran da aka ce ya cire layin? Ban ce ya buga tebur ya ajiye aiki ba. Yawancin gyaran da manaja ke yi gyara ne na gaskiya, gama ya fi shi sanin aikin, yaro kuma yakan ɗauki kuskurensa a kan gaskiyar da a ke dannewa. Sai ya tambaya da ladabi, don me? Idan aka nuna masa lissafinsa ne bai yi ba, ya gode. Idan kuwa amsar ita ce mai aikin ba zai ji daɗi ba, sai ya sake tambayar kansa, wa zai cutu idan layin nan ya ɓace? In ba kowa, ya bari. In akwai, ya faɗa, ya kuma faɗa a rubuce, ya kai gaba idan ba a ji ba. McKinsey da kansa yana koya wa sababbin ma'aikata cewa wajibinsu ne su nuna rashin yarda idan sun ga ba daidai ba. Kyakkyawar ka'ida ce, ko da ya ke labarin ƙwayar nan ya nuna ka'ida a bango ba ta tashi ta yi magana da kanta. Yana da iko kuma ya roƙa a cire shi daga wani aiki. Riƙe asirin mai aiki amana ce, amma amana ba ta kai ga rufe rijiya da tabarma a hanyar da yara ke bi ba. Idan duk ƙofofi sun rufe, saura fita, fita kuwa tana da tsada.

A nan maganar ta dawo kanmu, iyaye da 'yan'uwa. Wa ke sa ta yi tsada? Yaron nan tun albashinsa na fari muka rataya masa kuɗin makarantar ƙanne huɗu, da takin gona, da jinkar ɗaki, da asibitin gwaggo. A wannan zamani na 'yan bindiga har kuɗin fansa a kansa a ke kira. Taimakon gida wajibinsa ne, ba na rage shi. Amma idan ya zo hutu, tambayarmu ɗaya ce, yaushe za a ƙara maka girma? Ban cika jin uban da ya ce wa ɗansa, "Wane irin aiki ka ke yi musu? Wa zai ci amfaninsa, wa zai sha wuyarsa?" ba. Da wuya kuma a ji wanda ya ce, "Ran da aka nemi ka rubuta abin da ba haka ba ne, ka ƙi, ka komo gida, tuwo ba zai gagare mu ba." Yaron da ya taɓa jin wannan daga bakin mahaifinsa yana shiga ofishin manaja da ƙafa biyu. Wanda bai ji ba, ya san mutum goma sha biyar suna rataye a wuyansa, kuma da su a ke murɗe shi ko ba a ambace su ba.

Maganar ba ta wuce ba a wannan yanki. MSF ta miƙa aikin dalma ga hukumomin jiha a 2022. Gwamnatin tarayya, wadda ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilu 2019 saboda rashin tsaro, ta ɗage hanin a Disamba 2024. Dutsen kuwa bai sake hali ba, dalmar tana nan a cikinsa tare da zinariyar. Bisa ga dokar 1992, babban aikin haƙa ba ya farawa sai an rubuta rahoton abin da zai yi wa ƙasa da ruwa da mutane. Masu shawara ne ke rubuta shi, kamfanin haƙar ne kuma ke biyansu. Dokar ta ce a ajiye rahoton a fili domin jama'a su duba su faɗi ra'ayinsu, a kan ba da kwana 21 na aiki, sakatariyar ƙaramar hukuma kuwa tana cikin wuraren da a kan ajiye shi. Da Turanci a ke rubuta shi, yana da kauri, shi ya sa yakan gama kwanakinsa ba wanda ya buɗe. Ku da kuka iya karatu, idan kun ji an kawo irinsa Anka ko Bukkuyum ko Gummi, ku tafi ku biyu ko uku tare da malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti. Ku nemi shafin da aka auna ƙasa da ruwan rijiya, ku ga ko an auna dalma, da ƙauyen da aka ɗebi ƙasar, da nisan wurin niƙa daga gidajen mutane. Abin da ba ku gane ba ku rubuta shi a takarda, ku miƙa kafin kwanakin su cika.